Hannun Gabas, Hannun Arewa

Na ce wa hannun gabas: matsa taku goma.
Ya matsa. Amma na arewa, da ban kira ba,
shi ma ya ɗan muskuta,
kamar wanda aka ja wa gefen tabarma.

Allurar agogon awo ta faɗa mini nawa:
silin gashi guda, a tsaga shi uku.
Oga Dogara ya ce, wa zai gani?
Ramin zai gani. Da'irar da na yanka jiya
ta fito da kamannin ƙwan zabo,
sandar da aka yi dominta ta ƙi shiga.

Kwana huɗu ke nan ina bin sawu
a wannan rumfa ta Panteka.
Na kwance notuna, na ɗaure su bi da bi,
na cusa ɓallin reza ƙarƙashin dogo,
na ɗage wayoyin da ke jan kafaɗarsa.
Janaretan Barau mai walda ma
sai da na roƙa aka kashe shi har la'asar.

Babana shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙar Kakuri,
yana aurar da zaren tsaye ga zaren kwance.
In ɗaya ya saki ɗaya, an yi asarar yadi.
Ni kuwa 'yarsa, kuɗin cefanena
a raba tsakani nake samunsa.
Da yana raye da ya yi dariya har ya yi tari.

Abin da ƙarfe ya ƙi, na kai wa kwamfuta ƙara.
Na auna gulmar da ke bi ta cikin ginshiƙi,
gida gida na rubuta ta a jadawali,
na ce: duk sanda gabas zai tashi,
ki riga shi zuwa kunnen arewa,
ki ce ya dafe, ya jingina baya kaɗan,
daidai abin da za a ture shi.

Bayan isha'i, kwanon rufi ya huce.
Na sake cewa: taku goma.
Allura ta yi rawa sau ɗaya, ta tsaya
kusa da sifili. Ba a kansa ba.

Na bar ta a haka.
Keken ƙarshe zuwa Tudun Wada ba ya jiran kowa,
kuma gobe da azahar ƙarfe zai ɗau zafi,
ya tuna da ɗan'uwansa.