Rajistar Aji Biyu

Ran Juma'a nake haɗa lissafi.
A layin Rumasa'u, 'yar Kurna,
sifili huɗu a jere kamar ƙwan zabuwa.
Watan jiya ma haka.

Na tare ta a gindin darbejiya.
Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabi:
"Malama, baƙon wata ne.
Kuɗin audugar kemis
cefanen wuni ne a gidanmu.
Tsumman Inna ba ya riƙe amana,
ya taɓa tona ni a gaban allo,
na koma gida da jaka a ƙugu.
Kuma ina zan shanya shi?
Igiyarmu a tsakar gidan haya take."

Asabar na kutsa Kwari,
na roƙo ragowar yadi mai shan ruwa,
na karkaɗe keken ɗinkin da tsatsa ta aura.
Har asuba yana tari.

Yanzu akwai gwangwani a durowata,
ba tambaya, ba rubuta suna.

Wannan watan sifilinta ɗaya,
ranar da ruwa ya cinye titi.
Gwangwanin kuwa kullum ramewa yake.
Ashe ba ita kaɗai ba ce.