Tela Ya Auna Kansa

Shekara talatin ina kan buzu ɗaya
a bakin zaurenmu na Magajiya.
Allura na tafiya, zare na tafiya,
aska takwas ta bar hannuna ta kai Lakwaja, ta kai Yamai,
ni kuwa iyakata masallaci, taku arba'in,
sai teburin Barau idan magariba ta yi.

Da tumbi ya fito aka ce arziki ne.
Na yarda. Na ƙara wa rigata yadi.

Ran Talata a Shika
likita ta shafa mini wani abu mai sanyin kokon jiya,
ta danna na'ura ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
ta juyo mini da allo.
"Baba Sidi, ka ga nan da ya yi fari?
Hantarka ce. Kitse ya yi mata bargo."
Sai dariya ta kama ni,
don abin da nake ce wa Barau ke nan kullum:
hanta, haɗa da kitse, ƙara yaji.
Ashe tsire nake sokewa a cikina
ba tare da tsinke ba.

Na miƙa hannu a ba ni takardar magani.
Ta dubi ƙasa, wajen silifas ɗina.
"Ai da maganin ka shigo, har guda biyu.
Rabin awa kullum, sai gumi ya tsattsafo,
sai magana ta yi nauyi amma ba ta gagara ba.
Lemon kwalba ku yi sallama. Malmalar dare a raba ta biyu.
Hanta ba ta kuka, Baba,
sai ta gama haƙuri ake jin labarinta."

Ranar farko ban wuce Babban Dodo ba.
Gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure,
numfashi kamar zugazugin maƙera.
'Yan acaɓa uku suka ci birki:
"Alhaji, mashin ne ya lalace?"
Kafin azahar labari ya riga ni gida,
wai karayar arziki ta sa ni yawo da ƙafa.
Na ji kunya. Na zauna kwana tara.

Wanda ya tashe ni Ilu ne, tsohon ma'aikacin reluwe,
mai ciwon suga, mai bakin tsiya.
Ya buga ƙofa bayan asuba:
"Fito, buhun gero. Ni ma ba don daɗi nake yi ba."
Muka riƙa ƙirga turakun lantarki,
goma sha biyu, ashirin, wata rana hamsin da ɗaya,
muna bin gindin ganuwa inda awaki ke karyawa,
ƙasa na ƙamshin ruwan daren jiya.
Ban san akwai tsamiya a bayan makarantar nan ba.
Ban san Kufena kan yi shuɗi da sassafe ba,
ni da aka yanke wa cibiya a garin nan.

Ba kullum nake cin nasara ba.
Sunan jikata na ci waina bakwai, na kora da zoɓo mai zaƙi,
washegari Ilu ya ƙara mini turaku goma.

Jiya na ɗauko tef ɗin da na auna rabin unguwa da shi,
na rufe ƙofa, na zagaya kaina.
Yatsa uku. Ba yawa.
Amma mazagin wandona ya sami saura,
kuma na yi sujada ban nemi bango ba wajen tashi.

Hantar ban gan ta ba tukuna, sai bayan Sallah za a sake haskawa.
Barau na gaishe ni sama-sama, kamar na ci bashinsa.
Ga Ilu can yana buga ƙofa.
Ina ɗayan takalmin?