Hannun Tanimun

A bayan tsohuwar tasha, inda kwata ta karya kwana,
rumfarka na nan, Tanimun, an ɗaure ƙofarta da waya.
Gwangwanayen madara goma sha ɗaya jere a kan benci,
ja ya yi ɓawo, shuɗi ya daskare,
ruwan ɗorawar da ka haɗa ranar Laraba
har yau ba wanda ya san da me ka kashe kaifinsa.

Fijo bashe na kawo maka,
tsohuwa, ta sha lodin albasa da gyaɗa,
tsatsa ta cinye ta har gindin ƙofa.
Ka zagaye ta sau uku ba ka ce uffan ba,
ka taɓa goshinta da bayan hannu
yadda uwa ke duba zazzaɓin yaro,
ka ce, "Bar ta ta kwana,
ba ta faɗa mini launinta ba tukuna."

Kwana goma sha tara ta yi.
Na yi zarya, na yi fushi, na turo ƙanena da saƙo mai zafi.
Ran da ka yaye tampol
sai ga harshen wuta ya taso daga hancinta,
ya bi ƙofa, ya lanƙwasa, ya mutu daidai tayar baya.
Mai shayi ya bar tukunyarsa tana tafasa ya zo kallo.
Ni kuwa na manta jaka biyun da muka yi ta ja a kanta.

Burushinka gashin wutsiyar akuya ne,
kai ka ɗaure shi da zare.
In za ka ja layi sai ka ɗauke numfashi,
ɗan ƙaramin yatsa dafe da ƙarfe,
daga fitila har bayan mota, ja ɗaya,
ba alli, ba ma'auni, ba komawa.
Yaran gareji su yi tsit,
rediyo ma a rage masa murya.

Samarin nan masu sauya inji su yanke salansa,
su hau hanyar Ɗan Isa da yammacin Lahadi
suna gwada wa ya fi wani ruri,
da hannunka suke taƙama.
"Wa ya yi maka?"
"Tanimun."
Magana ta ƙare.
Daga Tasawa aka zo, daga Ƙonni, har daga Jibiya.
Ba ka taɓa rubuta sunanka ba,
sai ƴar tsattsewa ƙarƙashin madubin hagu,
wanda ya sani ya duƙa ya gani.

Kai kuwa keke ne naka, baƙi wuluk, ko ɗigo babu.
Muka yi maka tsiya, ka yi dariya,
ka ce wanzami ba ya son jarfa.

Tarin ya soma tun bara waccan.
Muka ce fenti ne, ka ce sanyi ne,
ka ɗaura tsumma a hanci ka ci gaba da feshi.
Muka riƙa sayo maka madara, wai tana wanke ƙirji.
Ba ta wanke ba.

Ranar da aka kai ka, mota ashirin da bakwai
suka bi makara a giya ta ɗaya,
mai wuta, mai ɗawisu, mai zaki da haƙorin zinariya,
ba wanda ya danna hon.
Sabi'u Guguwa, da bai taɓa sanin birki ba,
ya kashe inji tun daga nesa,
ya sauko yana tura tasa da hannu.

Yanzu sitika ake mannawa,
inji ya buga, rana ta ɓamɓare.
Wutar tawa ma ta fara dushewa,
amalanke ya karce ta a bakin kasuwa.
Wani yaro ya ce zai gyara mini da araha.
Na ce ya bari.

Allah ya haskaka makwancinka, Tanimun,
ya sa ka haye siraɗi yadda kake jan layi,
numfashi ɗaya,
ba karkata.