Rigar Zuwa Taro

A zauren Barau, bayan Ƙofar Doka,
inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya tak,
na shimfiɗa shadda a gwiwa
ina fitar da aska takwas.
Mai rigar ya aiko direbansa:
a gama kafin Laraba,
jirgi ba ya jiran maɗinki.

Wannan ce ta huɗu a bana.
Ta farko ta je ƙasar Sin,
ta biyu ta sha sanyin Rasha,
ta uku an ce ta zauna kusa da tuta
a wani ɗakin Turai mai fitilu rututu.
Wannan kuwa direba bai tabbatar ba,
ya ce ko Turkiyya, ko wajen Larabawa.

Rediyon Tanimu na rataye a ƙusa
yana cewa duniya duka na zawarcinmu.
Wannan ya zo da layin dogo,
wancan da bindiga,
wani da bashi mai zaƙin baki.
Tanimu ya ciji zare ya tofar,
ya ce, mahauci ba ya shafa tozon sa don ƙauna.
Barau ya ce a'a,
ranar da masu saye suka yi yawa
ita ce ranar mai kaya,
in dai ya san kuɗin kayansa.

Ni dai na dubi abin da ke hannuna.
Shadda daga ƙetare,
zare daga ƙetare,
allurar ma sai da ta hau jirgin ruwa.
Kakata da audugar Soba ta yi kaɗi,
kakana ya saƙa, ya kai marina da ƙafa.
Yau gidan gurzar auduga
ƙadangaru ke taro a cikinsa,
su ma suna gyaɗa kai ga duk abin da aka ce.

Abin da ya rage namu a rigar nan
idona ne da ke dushewa,
da wannan yatsa mai kanta.

Ranka ya daɗe,
na bar ƙullin zare a cikin aljihu, ban yanke ba.
In ka laluba neman alƙalami
zai taɓa maka yatsa.
Dakata kaɗan.
Karanta takardar har ƙasa,
har ƙananan rubutun da ke kama da sawun tururuwa.

Kuma cikon kuɗin ta biyu
har yau bai iso zaure ba.