Lamba Tara

Ƙarfe bakwai ta yi, Sheffield ba ta waye ba,
yayyafi na bin gilashin tagar ɗakin bincike.
Moira ta dire min faranti:
yankan tsoka goma sha biyu,
ba wanda ya kai kaurin ɓawon albasa.
Kowanne da lambarsa. Suna yana can sama, wajen likita.

Na ɗiga rini, na jira shayina ya huce.

A ƙarƙashin madubi
lamba tara ta rine, ruwan makuba gefe zuwa gefe.
Ga su nan, ƙofofin ruwa,
furotin ɗin nan da ke gadin bangon tantani.
Don ƙunci, ɗigo ma ya yi musu girma,
ƙwayar ruwa ɗaya ke shiga, sannan ta bayanta,
kamar bokitai a layin famfo.
Mai lafiya ƙofofinsa daidai ƙishinsa.
Wannan kuwa ya fasa katanga ta ko'ina.

Babana, Malam Ɗanjummai, noman rani ya yi a Kadawa.
Da diddige yake buɗe wa kwami ruwa,
da cikin fartanya guda na laka yake rufewa.
In ya ga kwami ya sha fiye da rabonsa
sai ya tsuguna, ya ce, akwai ɓarawo a nan.

Haka ciwon daji yake tafiya, Baba.
Ba shi da ƙafa.
Ta goshi yake zuƙar ruwa, ya kumbura, ya miƙa,
ya ja sauran jikinsa,
yau nono, gobe hammata,
jibi inda ba a so a faɗa.
Yawan ƙofofin kan ba mu labari
tun kafin ya ɗaure kayansa.

Moira ta ce, to mu toshe mana.
Shekara shida ke nan muna kwaɓa lakar.
A jikin ɓeraye wani lokaci ta kama.
Amma irin ƙofar nan ce a ƙoda,
ita ce a ido, ita ke jiƙa harshe da yawu.
In ka datse wa ɓarawo,
ka datse wa tumatirin maƙwabci.
Baba bai taɓa rufe babbar magudana ba,
ya san kwamin da yake nufi.
Mu har yanzu lalube muke yi.

Na rubuta abin da na gani, na sa hannu.

Da yamma, a jirgin cikin gari,
wata mata ta zauna kusa da ni,
takardar asibiti a ninke cikin tafinta,
tana kurɓar ruwan gora a hankali.
Ban san lambarta ba.
Na matsa mata jakata don ta sake.
Muka haye Kogin Don, ya ciko,
ba wanda ya ce wa wani komai.