Mai Gadin Cikin Jiki

Shekara ashirin da shida Baba Ilu ya yi
a ƙofar wani gida a Apapa,
da tocila, da usur, da buta, da rediyo mai tari.
Ko cokali bai ɓata a gidan ba.
Yau ga shi kan gado na tara a Idi-Araba,
ruwa na dukan kwano, janareta na gurnani,
ni ’yarsa ina hawa na biyu
ina leƙen naman hanjinsa ta madubin awo,
yanki ɗaya, bai kai kaurin ɓawon albasa ba.

Dakta Fagbemi ta dafa kafaɗata.
Lantana, kin san abin da kike gani.
Na sani.

Kowace ƙwaya a jikin ɗan Adam
tana da mai gadinta, gado ne,
biyu ma: ɗaya na uwa, ɗaya na uba.
Aikinsa duba rubutu.
In ƙwaya za ta rabu biyu
sai ya ɗaga tocila ya bi layi-layi.
Ya ga kuskure, ya ce dakata a gyara.
In ɓarna ta fi ƙarfin gyara
ya ce ke, kwanta ki mutu, saura su rayu.
Kuma sai ta kwanta.
Ba kururuwa, ba sadakar uku,
ta naɗe tabarmarta, maƙwabta su share wurin.

Da irin wannan mutuwa aka raba mana yatsu
tun muna ciki, ba mu da suna.
Hannun nan da na riƙe gilashi da shi
mutuwa ce ta sassaƙa shi.

A jikin Baba harafi ɗaya ya karkace.
Na zuba rini, na ga masu gadin jingim,
sun fi na mai lafiya yawa,
kowa kan bencinsa, hula a ka,
babu mai busa usur.
Ƙwayoyin da ya kamata su tafi suka ce ba inda za mu.
Suka haihu, jikoki suka haihu,
kamar kainuwar da ke rufe ruwan Ikorodu
har kwalekwale ya rasa hanya.
Dashen Allah ake ce mata.
To wannan fa, dashen wa?

Kullum addu’armu tsawon rai.
Ban san akwai ran da in ya ƙi ƙarewa
yake cinye mai shi ba.

Bayan isha na sauko da kunu a fulas.
Ya ce me kika gani a madubin naku?
Na ce Baba, mai gadi ne ya yi barci.
Na zaci zai ce a kore shi.
Ya daɗe yana kallon fankar da ba ta juyawa,
sannan ya ce kada ki zage shi,
dare na da tsawo, ke ba ki sani ba.
Ni ma na taɓa gyangyaɗi, sau ɗaya, da damina,
na farka na tarar da ƙofa a buɗe.
Allah ne ya rufa asiri.

Ya sha kurɓi biyu, ya juya bango.
Jibi za a fara ƙarin ruwan magani,
wanda zai bi ƙwaya-ƙwaya yana tuna musu mutuwa.

Na jawo kujerar roba kusa da gadon.
Tocilarsa na cikin jaka, batir ya yi sanyi.
Na buga ta a tafin hannu sau biyu,
ta kama.