Banki Uku

Barira ta dawo daga lakwal da kaye a hammata,
ta zauna kan buhun ƙyallaye a bayan kekena,
ta ce, Baba, yau Mushe Hasumi ya ba mu kalmar Ingilishi,
guda ɗaya tak, amma mutum biyu ne a cikinta.
Wai banki.

Na ce, ai wannan mun san juna.
Gidan da na je neman bashin jaka ɗari bara,
mai gadi ya dubi silifas ɗina
kafin ya dubi fuskata.

Ta ce, shi ne na farko.
Na biyun gaɓar kogi ce,
can ƙarƙashin gada, inda kabewa ke sauka daga kwalekwale,
inda ƴan wanki ke shanya zannuwan Yamai a kan ciyawa.

Na ɗaga ƙafa daga keke.
To, wa ya haifi wani?
Ta ce, babu. Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya.
Na kuɗin daga benci ya taso,
bencin ƴan canji a kasuwannin Italiya,
na ruwan kuwa masu jirage ne daga ƙasar ƙanƙara
suka zo da shi a bakinsu.
Hanya ce ta gama su,
dare ya yi musu a zaure ɗaya,
gari ya waye ana kiransu da suna ɗaya.

Na ce, kama da wane ba ta wane.

Sai na jawo wandon Tahiru magini,
gwiwar ta buɗe baki kamar tana hamma,
na yanko ƙyalle ruwan toka, na ɗora, na danne da yatsa.
Ke ƴar boko, wannan da nake yi, mene ne sunansa?
Ta duba. Ta sake dubawa.
Dariya ta ƙwace mata har kaye ya faɗi.
Banki!

Wannan ba ya cikin littafin Mushe.
Bai hau jirgi ba, bai zauna kan benci ba.
Kakata ta yi shi a Tawa da allura mai tsatsa,
tana lasar zare, tana lalube cikin hasken aci-bal-bal,
ba ta taɓa jin labarin Italiya ba.

Daminar da ta wuce kogi ya cinye gaɓarsa,
ya hau Haro Banda da dare, ya kwashe mana katanga.
Gidan kuɗi ya ce in kawo takardar fili,
takardar kuwa ruwa ya riga ni.
Abin da ya mai da katangar
gwiwa ce da gwiwa, hammata da aljihu,
dala ashirin, dala talatin,
tsummar unguwa ina toshewa har idona ya yi ja.

Ban faɗa mata wannan ba, ta sani.
Ta ɗauki biro, a gefen shafi inda ba layi
ta rubuta na uku da ƙananan baƙaƙe,
ta ce gobe za ta nuna wa Mushe.
Na ce ki gaya masa
hannun rigarsa ta hagu ma na ga ya soma.